Likkafanin Gwaggo Zahiyya

Bait Jala, 20 ga Satumba, 1965

Zuwa ga ɗan'uwana Jabra, a La Kalera, ƙasar Chile.

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Ni ne Mitri ɗan Sam'an, direban haya. Ba mu taɓa ganin juna ba, amma kakana da kakanka na wajen uwa ciki ɗaya suka fito, kuma hoton aurenka yana rataye a ɗakin tsohuwata Hilwe tun ban fara gemu ba. Muna nan lafiya, ni da matata Katrina da yara. Tsohuwa ce dai ƙafa ta sa ta a gaba, amma bakinta ƙalau yake.

Bayan haka, Jabra, ya muka ji da haƙuri? Allah ya jiƙan mahaifiyarka, Gwaggo Zahiyya, ya ba ta hutawa tare da tsarkaka. Ya ba ku juriyar rashinta.

Ga yadda labarin ya iso mu. Ranar Talatar makon jiya ina kan hanyar Kudus da fasinja, wani mutum da ya zo daga ƙasarku ya tsaya a ƙofar gida, ya miƙa wa tsohuwa ƙunshi, ya ce mota tana jiransa zai wuce Amman. Ko ruwa bai sha ba. Da aka kwance sai ga likkafani fari, saƙar hannu irin ta da, an maƙala masa 'yar takarda da allura: Zahiyya 'yar Yaƙub. Ba wasiƙa, ba komai. Ni dai da na dawo na ce a ɗan jira mu ji daga bakinku. Tsohuwa ta harare ni ta ce, "Jiran me, kai jakin nan? Ka taɓa ganin mai rai ya rabu da likkafaninsa? Duk wanda nasa ya dawo gida, an riga an rufe shi da wani." Na ga maganarta ta kama hankali.

Mun yi zaman makoki kwana uku kamar yadda ya kamata. An zuba gahawa marar sukari, an dafa alkama an kai majami'a, limaminmu Abuna Andrawus ya yi mata addu'a da sunanta da na mahaifinta. Tsofaffin da suka san ta tana yarinya sun zo sun yi kuka. Ba mu ba ku kunya ba.

Amma zan faɗa maka abin da ya sosa mini rai. Nisa bai kai a ce uwa irin wannan ta rasu a aiko mana da ƙyalle ba ko layi biyu. Ka rubuto ka gaya mana ciwon da ya ɗauke ta da ranar da aka binne ta, don mu riƙa tunawa da ita a kan lokaci. Likkafanin yana cikin akwatin tsohuwa.

Ɗan'uwanka a cikin baƙin ciki,
Mitri

La Kalera, 11 ga Oktoba, 1965

Zuwa ga Mitri ɗan Sam'an, daga marigayiya Zahiyya.

Ina gaishe ka, ina gaishe da Katrina da yara, da uwarka mai saurin binne mutane. Ka ce mata ta shafa wa ƙafar man zaitun mai ɗumi. Ni lafiyata lau, ban da zuciya da likita ya ce ta gaji. Shi ma likitan ya gaji, ya girme ni da shekara biyu.

Ina zaune ina cusa shinkafa a ganyen inabi Jabra ya faɗo gida daga kanti, takardarka a hannu, fuska duk ta canza. Ya ce, "Mama, kin mutu a Bait Jala." Na ce, "To, Allah ya ji ƙaina. Miƙo mini lemon tsamin nan." Da ya karanta mini sai da na yi dariya har na ƙware. Daga baya kuma na ji haushinka, don ka tona mini asiri. Jabra bai san na aika da komai ba. Na rubuto maka wasiƙa tun watan Yuli ina bayani, ashe maƙwabciyar da na ba wa ta kai mini gidan waya ta liƙa mata kan sarkin jirgin ruwa. Wataƙila tana can tana shan iska a teku.

To, buɗe kunnenka. Ina 'yar shekara goma sha huɗu innata ta sayi ƙyallen nan a hannun masaƙan Majdal, don mu sauka Kogin Urdun ranar Idin Baftisma, mu shiga ruwa da shi kamar kowa, mu ajiye shi sai ranar da za a sa mu a ƙasa. Saura wata guda idi Turkawa suka fara kwasar samari aikin soja, babana ya tattara mu sai jirgin ruwa a Yafa, don ya tsirar da yayyena. Inna ba ta ƙara ganin gida ba. Shekara goma da zuwanmu ta kwanta ciwon ajali. Tana kwance ta sa na ɗauko ƙyallen, ta yaga shi biyu da hannunta, ta ce, "Rabina zai tafi a bushe. Naki kada ya tafi a bushe, Zahiyya." Shekara arba'in da uku ke nan maganar nan tana kaina.

Da mijina yana raye, kullum sai baɗi. Da ya rasu, ɗansa ya gaji baɗin. Sau biyu ina haɗa akwati Jabra yana kwancewa, wai likita ya hana. Shi ne na ce bari kayana su riga ni, in ya so dole in bi su. Yanzu ya ɓoye mini fasfo. Gidan da na share shekara talatin, a ina zai ɓoye mini abu?

Ina nan tafe kafin Kirsimetinku na bakwai ga Janairu tare da iyalin wani ɗan garinmu. Ranar idi kai za ka kai ni kogi da motarka, in shiga da ƙafata. Ba shawara nake nema ba. Ka ce wa Hilwe kada ta wanke ƙyallen, kada ta goge shi, kada ma ta riƙa buɗe shi.

Ka kuma rubuto mini sunayen waɗanda suka zo zaman makokina. Ina son in san waɗanda ba su zo ba.

Gwaggonka mai rai,
Zahiyya

Bait Jala, 2 ga Nuwamba, 1965

Ɗan'uwana Jabra,

Na aiko wannan ta kanti da gangan. Don Allah kada Gwaggo ta gan ta. Muna lafiya, ana tsinkar zaitun, kowa hannunsa ya yi baƙi. Mun yi murna ƙwarai da jin tana raye, har tsohuwa ta yi guɗa a tsakar gida. Guɗar ba ta kai ƙarshe ba ta zauna a ƙasa ta kama kai, don mun shiga uku.

Likkafanin ba ya nan, Jabra. Yana ƙarƙashin ƙasa.

Akwai wata tsohuwa Afifa da take zaune a ɗakin da ke ƙasan gidanmu. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ba ta da ɗa ba ta da jika, gurasa take gasa wa unguwa tana ci. Ranar huɗu ga Oktoba aka ga ba ta hura tanderu ba, aka leƙa aka tarar ta cika. Da mata suka bincika kayanta ba a sami ko tsumma mai kyau ba. Tsohuwata ta ce, "Ga na Zahiyya yana kwance ba mai shi. A sa wa baiwar Allahn nan, ladan ya je wa marigayiya." Kowa ya ce wannan tunani ya yi. Ni da hannuna na ɗauko shi daga akwati. Kwana tara da binne Afifa wasiƙar Gwaggo ta watan Yuli ta iso, duk ta sha gishirin teku. Ta biyun ta biyo baya, wadda ta ba mu labarin mahaifiyarta. Tun da na karanta ta abinci ba ya yi mini daɗi.

Na je wurin Abuna Andrawus na tambaye shi ko za a iya buɗe kabarin. Kallona kawai ya yi har sai da na tashi na fita da kaina.

Ga abin da tsohuwa ta ƙulla. Ta sa ni na zagaye kasuwar Kudus har na sami ƙyalle saƙar hannu mai kama da shi a wurin wani tsoho. Ta jiƙa shi a ruwan shayi ya ɗan yi ja-ja kamar ya daɗe, ta ajiye shi cikin ganyen ƙamshi, ta ɗinke shi tsaf. Tana ta yabon kanta, wai nata ya ma fi na asalin kyau, don wancan gefe ɗaya ko kalmasa shi ba a yi ba. Ta ce idon 'yar shekara sittin da bakwai ba zai bambance ba. Ban iya ƙarya ba, ko fasinja na ce wa saura kaɗan mu tashi, dariya suke yi mini.

Ka ba ni shawara. In gaya mata gaskiya ta takarda tun ba ta taso ba, ko mu bar ta a kan na tsohuwa? Kai ka san ƙarfin zuciyarta. In za ka iya hana ta zuwa, da ka rufa mana asiri duka.

Ina jiran amsarka da gaggawa.
Mitri

La Kalera, 14 ga Disamba, 1965

Mitri,

Gaisuwa gare ka da mutanen gida. Ka yi haƙuri da Larabcina, a baki na koye shi, alƙalami ba ya bi na. Ka kuma yi haƙuri da jinkiri. Sau huɗu ina fara amsa ina yagawa.

Hana ta ya gagara. Na ɓoye fasfo a cikin bandir ɗin yadi a kanti, a can ƙasa, inda ko ma'aikatana ba sa taɓawa. Ranar Lahadi na tarar da shi a kan teburin cin abinci, ta ɗora masa kwanon zaitun. Za ta taso ranar ashirin da takwas ga wata.

Kada ka gaya mata. Na daɗe ina tunani. Ni mai sayar da yadi ne, farin yadi a kantina ya isa ya rufe garinku, sau nawa ina ce mata ta zaɓi wanda take so. Cewa take ban san komai ba. In ta ji nata ya tafi, ina tsoron abin da zai same ta. Ku ba ta na Hilwe. In akwai zunubi a ciki, a raba da ni.

Abu ɗaya nake roƙonka, ka yi mini alkawari. Kada ta shiga ruwa. Likita ya ce ruwan sanyi a watan Janairu zai iya tsayar da zuciyarta nan take. Ka kai ta bakin kogi, ka tsoma ƙyallen da hannunka tana kallo, ka shafa mata ruwan a fuska. Maganinta ƙananan ƙwayoyi ne farare, ana sa ɗaya ƙarƙashin harshe. Ka riƙe wasu a aljihunka, don ita zubarwa take yi.

Ita kaɗai ta rage mini, Mitri. Ka dawo mini da ita.

Jabra

Bait Jala, 19 ga Janairu, 1966

Ɗan'uwana Jabra,

Barka da idi. Kafin komai, mahaifiyarka tana lafiya. Yanzu haka tana tsakar gida tana cin zalabiya tana koya wa Katrina yadda ake soya ta, Katrinar da ta shekara ashirin tana soyawa. Na fara da wannan ne don ka iya karanta sauran a zaune. Alkawarin da na yi maka ban cika ba.

Tun da ta sauka gidanmu bai rabu da baƙi ba. Duk wanda ya zo makokinta ya dawo yi mata barka da zuwa, ita kuwa tana zaune da takardar sunaye tana dubawa. Wanda bai zo makoki ba sai ta ce masa, "Ka kyauta da ka zo yau, tunda wancan karon aiki ya yi maka yawa." A rana ta biyu ta nemi ƙyallenta. Tsohuwa ta kawo. Gwaggo ta warware shi a cinya, ta bi gefunansa huɗu da yatsa, ta naɗe, ta ce, "Sannu da ajiya, Ummu Mitri." Shi ke nan. Muka ce Allah ya rufa asiri. Mako biyu da kwanaki ba ta ƙara tayar da maganar ba. Na kai ta Baitalami ta yi Kirsimeti, na kai ta Kabari Mai Tsarki, ko'ina tana gaba ina bin ta da ƙwayoyi.

Jiya da safe muka gangara Yariko. Ƙafa ta hana tsohuwa zuwa, Katrina kuma ta bi motar matan majami'a, don haka daga ni sai ita. Na so in tsaya mata a kabarin Li'azaru, wanda aka tayar daga matattu, ta ce, "Wuce. Ni ma na tashi daga matattu, ba wanda ya gina mini komai." Da muka sauka kwari ta cire mayafin ulu, ta ce tunda sai bayan azahar za a sauke gicciye a kogi, in kai ta Tekun Lutu tukuna.

Bakin tekun ba kowa sai mu. Ta cire takalma ta tsoma ƙafa, ta tsaya tana kallon duwatsun Mowab a ƙetare. Ta ce, "Matar Lutu waiwaye ɗaya ta yi ta zama gishiri. Ni shekara hamsin da uku ina waiwaye." Na yi 'yar dariya don na ɗauka wasa take. Sai ta sunkuya ta ɓamɓaro gishirin da ya daskare a jikin wani dutse, ta zauna, ta ciro gurasa daga jaka ta raba biyu, ta marmasa gishirin a kai, ta miƙo mini rabi.

"Ci."

"Gwaggo, wannan ai ba a cinsa. Ɗaci gare shi kamar maɗaci."

"Na ce ka ci, ɗan Sam'an."

Na ci, ita ma ta ci nata, ko yamutsa fuska ba ta yi ba. Ta karkaɗe hannu ta ce, "To, yanzu akwai gurasa da gishiri tsakanina da kai. Ubanka bai koya maka yadda ake kiran mutumin da ya ci gishiri da wani ya yi masa ƙarya ba?"

Na ce ya koya mini.

"Ina ƙyallena?"

Jabra, da ƙasa za ta tsage da na shige. Na ce, "Yana jakarki mana, Gwaggo." Ta ce, "Na jakata aikin Hilwe ne, kuma ta iya ɗinki, Allah ya ba ta lafiya. Nawa gefe ɗaya a yage yake, inda hannun innata ya bi. Shekara arba'in da uku ban sa masa allura ba. Na yi shiru ne don kada in kunyata uwarka a gaban baƙi. Yanzu daga ni sai kai sai Allah. Kun sayar?"

Na ce Allah ya kiyaye. Na durƙusa a kan tsakuwa na gaya mata komai, tun daga tanderun Afifa har ruwan shayi. Na gaya mata har da naka hannun a ciki, ka yafe ni, gishirin nan bai bar mini wurin ɓuya ba.

Sai hawaye, ba sauti, suna bin fuskarta suna ɗiga a gurasar da ta rage. Na ciro ƙwaya, ta ture hannuna. Ban taɓa jin kunya da tausayi sun haɗu mini kamar na lokacin ba. Can ta ce, "Ya ishe ta? Ya rufe mata ƙafafu?" Na ce ya rufe har ya yi saura, Afifa 'yar ƙarama ce. Ta ce, "Wa ya yi mata wanka?" Na ce tsohuwata da Katrina. Ta gyaɗa kai.

Ganin haka na ce bari in yi amfani da damar. Na ce, "Gwaggo, aikin gama ya gama. Mu je ki ga kogin daga baki, ki sha iska, mu koma gida. Jabra ma ya ce..."

"Jabra ne ya haife ni?" Ta miƙe tana sa takalma. "Garwannin nan biyu da suke ƙara a bayan motarka, na mene ne?"

Na ce ruwan inji ne. Duk direban da ke hawan hanyar Yariko yana ɗauke da su, in ba haka ba mota ta tafasa a tsakiyar dutse. Ta ce in zubar. Na ce Gwaggo, da me za mu hau? Ta ce, "Zubar, ka ɗauraye su." Na zubar.

A kogi ba masaka tsinke. Ruwan ya ƙaru saboda ruwan saman da aka yi, ja wur da laka, ga sanyi. Da limamai suka tsoma gicciye mutane suka ruɗe da ihu da guɗa, kafin in waiga ta shige tantin mata ta fito sanye da ƙyallen tsohuwata. Na sha gabanta, na ce sai dai ta bi ta kaina. Ta ce, "Matsa, ko in gaya wa jama'ar nan kai ne ka binne ni da raina." Na matsa. Katrina ta riƙe ta a hannu ɗaya, ɗayan yana kan igiyar da aka ɗaura, ta nutsa sau uku. A na ukun ta ɗan jima a ƙarƙashin ruwa. Sai ga ta ta ɗago tana tari tana zagin sanyin da Sifaniyanci. Ba ta yarda ta fito ba sai da na miƙa mata garwannin ta cika su da hannunta, ni na ɗauko.

A hanyar dawowa abin da na faɗa ya faru. Mun wuce rabin hawa mota ta fara hayaƙi. Na nufi bayan mota, ta ce in na taɓa ɗigo ɗaya sai ta tsine mini. Muka zauna a bakin hanya sa'a guda da rabi, tana lulluɓe da bargo biyu tana ɓare lemon Yariko, har wani mai babbar mota ya tsaya ya ba mu ruwa.

Garwannin suna ɗakinta, ta hana kowa taɓawa. Ta ce gobe in shirya mota in kuma samo fartanya. Ban tambaye ta ba. Ta ce za ta rubuto maka da kanta.

Ka yafe wa ɗan'uwanka,
Mitri

Bait Jala, 21 ga Janairu, 1966

Ɗana Jabra,

Ina gaishe ka, da matarka, da jikokina ɗaya bayan ɗaya. Ina lafiya. Mura ce kawai ta kama ni, ita ma ta ga ba wurin zama. Ka ce wa likita zuciyar da ya raina ta shiga Urdun ta fito.

Na yi fushi da kai, kuma ina son ka sani. Ka haɗa baki da mutanen da ba ka taɓa gani ba a yi wa uwarka wasan yara, a sa ni in shiga kogi da ƙyallen kasuwa ina cewa na cika wa innata magana. Da ban gane ba, da na mutu da ƙarya a jikina. Na san tsoro ne ya sa ka. Na yafe, amma sai na ja maka kunne in na dawo.

A bakin tekun nan da Mitri ya gaya mini, ji na yi kamar ranar ce inna ta rasu. Ban ɓoye maka ba, na so in kwanta a wurin kada in tashi. Sai na ce wa kaina, Zahiyya, inna ba ta ce dole ke ce a ciki ba. Cewa ta yi kada ya tafi a bushe. Tunda ƙyalle ba zai iya zuwa kogi ba, kuma na san inda yake kwance, ai da sauran aiki.

Jiya muka je maƙabarta da garwa biyu. Ana yayyafi tun safe. Hilwe ta ce sai ta bi mu, da ƙafar tata, tana dogara sanda tana kuka tana cewa in zage ta ko ta ji sanyi. Na ce, "Ba zan zage ki ba, Ummu Mitri. Kin ga tsirara kin rufe. Amma ɗinkinki ya yi yawa." Ƙyallenta da na shiga ruwa da shi na shanya na naɗe. Shi za ku sa mini in lokaci ya yi, kada ka kawo mini na kantinka.

Kabarin Afifa yana can ƙarshe jikin katanga, ko dutse ba a sa ba tukuna, sai gicciyen katako. Na sa Mitri ya ja 'yar kwata da fartanya daga kai zuwa ƙafa don kada ruwan ya gangare. Yana yi yana gunaguni, wai ƙasar da zurfi, ga akwatin gawa, garwa biyu ba za ta kai ko'ina ba. Na ce ya dubi sama. Wanda ya aiko da yayyafin nan ya san hanyar da zai bi da ruwana.

Ban bari sun zuba ba. Da kofin shayi na riƙa ɗiba, ina zubawa ina jira ƙasa ta shanye, sannan in ƙara. Mun fi sa'a biyu. Gwiwoyina sun yi laka, hannuna ya ƙage, sau biyu Mitri yana cewa a bari haka. Ban tashi ba sai da na kife garwa ta biyu na ga ba ɗigo.

Sannan na ce su ɗan ba ni wuri. Na dafa ƙasar na ce, "Afifa, ban san ki ba, ba ki san ni ba, amma kayan innata ne a jikinki. Sunanta Nijme, doguwa ce, tana da tabo a haɓa. In kin gan ta ki miƙa mata gefen da ya yage ta taɓa. Ki ce mata Zahiyya ta makara, amma ya jiƙe."

Ka sumbaci yaran. Zan dawo bayan Ista.

Mahaifiyarka,
Zahiyya